Kafin sayen sabuwar waya ko kwamfuta: yadda za ta yi aiki da na'urorin da ke hannunka

Yawancin masu sayen waya suna tsayawa ne a kan girman allo, kyawun kyamara da daɗewar batir, kuma babu laifi a cikin hakan. Sai dai a yau ba kasafai aiki yake farawa ya ƙare a kan na'ura ɗaya ba. Mutum yakan ga imel a wayarsa da safe, ya rubuta amsa a kwamfuta, ya ɗauki hoton takarda da waya domin ya saka a cikin rahoto, sannan da dare ya ci gaba da karatun da ya bari da rana. A duk inda aiki zai tsallaka daga wata na'ura zuwa wata, ko dai ya wuce salin-alin, ko ya tsaya ana neman kebul ana tura wa kai saƙo. Wannan tsallakawar ce ya kamata mai saye ya fara aunawa, domin ita ce zai riƙa fuskanta kullum.

Kamfanin Apple ne ya fi kowa ɗinke na'urorinsa wuri guda. Tun 2014 ya shigo da tsarin Handoff, wanda yake ba mutum damar fara rubutu ko buɗe shafi a iPhone, ya ƙarasa a kwamfutar Mac daidai inda ya tsaya. A 2016 aka ƙara damar kwafo rubutu ko hoto a waya a liƙa shi a kwamfuta kai tsaye, kuma AirDrop yana tura fayil tsakanin na'urori biyu da ke kusa da juna ba tare da an ci data ba. Sharaɗin shi ne Bluetooth da Wi-Fi su kasance a kunne, kuma in ban da AirDrop, sai na'urorin sun kasance a kan asusu ɗaya. A ganina babu tsarin da ya kai wannan sauƙi, amma sauƙin yana tsayawa ne a bakin iyakar kayan kamfanin. Agogon Apple Watch ba ya aiki sai da iPhone, kuma iyafis na AirPods, ko da yake yana haɗuwa da wayar Android kamar kowane iyafis, yana rasa dabararsa ta komawa da kansa kan na'urar da ake amfani da ita. Wanda zai sayi iPhone alhali kwamfutarsa ta Windows ce, ya sani cewa zai biya kuɗin abubuwan da rabinsu ba zai mora ba.

Ɓangaren Android ya fi faɗi, kuma ya fi neman mutum ya zauna ya saita abubuwa da hannunsa. Abin da yake riƙe komai a nan shi ne asusun Google: lambobin waya, imel, hotuna, kalmomin sirri da shafukan da aka buɗe a Chrome duk suna bin asusun zuwa kowace na'ura, ko da kuwa ta wani kamfani ce. Wajen tura fayil, Google da Samsung sun haɗe tsarinsu a farkon 2024 ƙarƙashin sunan Quick Share, kuma akwai manhajarsa a Windows. Microsoft kuma yana da Phone Link, wanda yake nuna saƙonni, kira, sanarwa da hotunan wayar Android a allon kwamfuta, har a wasu wayoyin Samsung ana iya buɗe manhajojin wayar a can. An ƙara iPhone cikin wannan tsari a 2023, amma abin da take iya yi a ciki bai kai na Android ba. Abin lura shi ne wayoyin Android ba ɗaya suke ba. Abin da babbar waya take yi ba lallai ne ƙarama ta yi shi ba, saboda haka a duba samfurin da za a saya, kada a dogara da sunan kamfani kawai.

Akwai hanya ta uku wadda ba a cika tallata ta ba, ita ce mutum ya zaɓi manhajojin da suke aiki a ko'ina, ya ɗauki na'urar a matsayin ƙofa kawai. Wanda imel ɗinsa, takardunsa da ma'ajiyar kalmomin sirrinsa suke buɗuwa a kowace burauza, ba ya jin tsoron sauya waya. Zai rasa ɗan santsin da masu kayan kamfani ɗaya suke samu, amma ga gidan da kowa yake riƙe da irin wayarsa, ko ma'aikacin da ofis ya ba shi kwamfutar da ba shi ya zaɓa ba, wannan ce hanyar da ta fi dacewa.

Duk waɗannan hanyoyi sun dogara ne a kan ma'ajiyar intanet, kuma a nan ne kuɗin wata-wata yake ɓuya. Google yana ba da 15 GB kyauta, amma Gmail, Drive da Photos ne suke raba shi, kuma tun 1 ga Yunin 2021 sababbin hotuna suna cin wannan wuri. Apple yana ba da 5 GB a iCloud, haka ma Microsoft a OneDrive. Mai yawan ɗaukar bidiyo zai cika 5 GB cikin ɗan lokaci, kuma da zarar wuri ya cika, ajiyar bayanan waya takan tsaya, mutane da yawa ba sa lura sai ranar da wayar ta ɓata.

Abin da na fi so mai saye ya tsaya a kai shi ne ƙofar fita, wato wahalar da zai sha idan wata rana ya so barin tsarin da ya shiga. WhatsApp ne babban misali. A Android yana ajiye tarihin hira a Google Drive, a iPhone kuma a iCloud, kuma ajiyar ɗaya ba ta buɗuwa a ɗayan. Tun 2022 ana iya kwashe hirar daga Android zuwa iPhone ta manhajar Move to iOS, amma sai iPhone ɗin ta kasance sabuwa ko an goge ta gaba ɗaya, kuma tsohuwar wayar tana hannu tana aiki. Wanda ya sayar da tsohuwar kafin ya yi ƙaura ya rufe wa kansa wannan hanya. Haka nan manhajojin da aka saya a Google Play ba sa bin mutum zuwa App Store, sai ya sake biya. Mafi haɗari kuma su ne lambobin tabbatar da shiga asusu: idan manhajar da take samar da su tana cikin tsohuwar waya kaɗai, gogewa ɗaya tana iya hana mutum shiga imel ɗinsa da asusun bankinsa. Hotuna sun fi sauƙi, domin Google Takeout yana ba da damar sauke komai, Apple ma yana da hanyar tura hotunan iCloud zuwa Google Photos.

Ƙananan abubuwa biyu suna da tasiri fiye da yadda ake zato. Na farko caja: tun daga iPhone 15 a 2023 Apple ya koma bakin caja na USB-C, kuma dokar Tarayyar Turai ta wajabta shi a kan sababbin wayoyi daga ƙarshen Disambar 2024, saboda haka mai sayen tsohuwar iPhone zai ci gaba da yawo da kebul biyu. Na biyu iyafis: wanda yake sauyawa tsakanin kiran waya da taron bidiyo a kwamfuta ya nemi wanda aka rubuta cewa yana haɗuwa da na'urori biyu a lokaci guda.

Sai batun tsawon rai, domin haɗin na'urori yana lalacewa ne idan ɗaya ta daina samun sabuntawa. Google ya yi alkawarin sabuntawa na shekara 7 ga wayarsa ta Pixel 8, Samsung ma haka ga jerin Galaxy S24, amma wayoyi masu araha da yawa suna samun ƙasa da haka nesa ba kusa ba. A ɓangaren kwamfuta, Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin yau da kullum na Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, don haka mai sayen kwamfuta ta hannu ya tabbatar tana iya ɗaukar Windows 11.

Mai kwamfutar Mac ko iPad zai fi amfana da iPhone. Mai aiki a Windows zai fi samun biyan buƙata da wayar Android mai doguwar sabuntawa. Wanda kuma waya ce kaɗai na'urarsa, ba shi da dalilin biyan ƙarin kuɗi saboda haɗin da ba zai yi amfani da shi ba. Gara ya saka kuɗin a kan wurin ajiya mai yawa a cikin wayar da batir mai ƙarfi.