Outlast 2: gem ɗin da ya tsorata ni da mutane, ba da aljanu ba

Jama'a duk mai son gem na ban tsoro wanda yake da labari, ba irin na harbe-harbe kawai ba, to ya tsaya ya ji ra'ayina kan Outlast 2 kafin ya ƙona datarsa, don a kwamfuta yana cin wajen 30GB. Kamfanin Red Barrels na Montreal a Kanada ne suka yi shi, ya fito a Afrilun 2017 a PC da PS4 da Xbox One, daga baya a 2018 suka kai shi Switch. Tsohon gem ne kam amma har yau hotonsa bai tsufa ba.

Kai ne Blake Langermann, mai ɗaukar hoto, matarka Lynn 'yar jarida ce, kun tafi jihar Arizona ta Amurka bin diddigin wata yarinya mai ciki da aka tsinta ta mutu ba wanda ya san ko wacece. Jirginku mai saukar ungulu ya faɗo, ka farfaɗo ba Lynn ba labarinta, direban jirgin kuma ka same shi an feɗe shi an ɗaure a jikin itace. Daga nan ka gangara wani ƙauye da ake kira Temple Gate, inda wani mutum Sullivan Knoth ya tara mabiya a cikin daji ya yanke su daga duniya, yana ce musu Ubangiji na magana da shi, kuma maƙiyin Almasihu na nan zuwa ta cikin wata mata, shi ya sa suke yanka jariransu da hannunsu. Yanzu kuma sun ce cikin Lynn ne.

Ba ka da bindiga ba ka da wuƙa, ko naushi ba ka iya kaiwa. Kamara ce kawai a hannunka mai gani a duhu, tana cin batir kamar me, sai bandeji idan an sare ka. Akwai makirfo a jikin kamarar da ke nuna maka ta wane ɓangare motsi yake, wannan ya burge ni sosai musamman a gonar masarar nan, kana durƙushe cikin karan masara ba ka ganin komai sai hasken tocilan yana yawo ta saman kanka, kana jin wani yana karanto addu'o'insu ƙasa-ƙasa da adda a hannu, layin makirfon na hawa yana sauka, batir ya fara ƙyaftawa kuma ka san in ka tsaya canzawa ka rasa inda suke. Wallahi a wurin nan sai da na ji numfashina ya ɗauke. Ka sa abin ji a kunne, in ka kunna da sifikar talabijin rabin gem ɗin ka zubar.

Amma abin da ya fi tsaya min a rai takardun da ake tsinta ne a ɗakunan mutanen ƙauyen. Mutane da yawa gudu kawai suke ba sa karantawa, kuma nan ne naman labarin yake. Wasiƙu ne na talakawa, mata da maza, wata ta ba da ɗanta an kashe tana ta mafarkinsa amma maimakon ta zargi Knoth sai ta zargi raunin imaninta, wani yana jin shakka a zuciyarsa yana neman gafara don ya yi shakkar. Shi kuwa Knoth, wanda asalinsa mai sayar da takalma ne da bashi ya ci, ya halatta wa kansa matan mabiyansa ya rubuta nasa littafin yana kiransa bishara. Ba dodanni ba ne waɗannan mutanen, suna da gadaje da tukwane da makarantar yara, sun dai miƙa hankalinsu ne gaba ɗaya ga mutum ɗaya har ba mai iya cewa malam tsaya. Waɗanda suka yi gem ɗin sun faɗa cewa abin da ya faru a Jonestown ne ya ba su tunanin, wato a ƙasar Guyana a Nuwamban 1978 inda mabiyan Jim Jones sama da 900 suka mutu rana ɗaya, da yawansu yara. In ka san wannan sai tsoron ya canza kala, don ka san ba ƙirƙira ba ce zalla.

Nan zan ce wani abu don kar a fahimce shi a karkace. Gem ɗin cike yake da gicciye da coci da kalmomin Littafi Mai Tsarki, amma abin da Knoth yake yi ba addinin Kirista ba ne, ƙungiyar ɓata ce ta mutumin da ya ari rigar addini, duk Kirista na gari zai ƙyamace ta. Duk da haka akwai wuraren da ni kaina na ga sun wuce gona da iri, kamar inda wasu majinyata da aka kora daji suka kama Blake suka gicciye shi suka binne shi da rai. Wanda zuciyarsa ba ta ɗaukar a taɓa alamomin addini, Musulmi ne ko Kirista, gara ya haƙura da shi, ban ga laifinsa ba.

Akwai kuma ɓangare na biyu da ke shigowa tsakiya-tsakiya, kana cikin daji sai ka buɗe ƙofa ka tsinci kanka a makarantar Katolika da Blake ya yi yana yaro, shiru, fitilu farare, ba kowa. Labarin ƙawarsa Jessica ne da wani limamin coci malaminsu, da abin da Blake ya gani ya yi shiru. Da farko na ji daɗinsa don yadda ake shiga da fita ba ka ma lura, amma ya yi yawa, lungunan iri ɗaya ne kana ta zagaye. Sai dai ƙarshensa ya taɓa ni fiye da duk jinin da ke ƙauyen, saboda yaron da babba mai daraja ya ce masa ka tafi gida ba ka ga komai ba, wannan ciwon ba na Amurka kaɗai ba ne.

Inda gem ɗin ya ba ni haushi shi ne guje-gujen. Sau da yawa ba ɓuya ake so ka yi ba, hanya ɗaya tak suka tsara, wani ɗan rami a ƙarƙashin shinge cikin duhu, in ba ka gan shi ba Marta, wata doguwar mata mai diga daga cikin mabiyan Knoth, ta gama da kai ka sake daga baya, ka sake, ka sake. Mutuwar farko tsoro ce, in ta yawaita sai ta koma takaici, Marta ɗin da ka ji muryarta cikinka ya ɗuri ruwa ta zama abin da ya tare maka hanya kawai. Kuma dalilin haukan ƙauyen gaba ɗaya, wato hasumiyar wani kamfani da ake kira Murkoff mai aiko da wani farin haske da ke rikita ƙwaƙwalwa, sun ɓoye shi a takardar da mutum zai iya gama gem ɗin bai gani ba. Ni ma dai da sun bar zancen hasumiyar, don yana rage wa Knoth da mabiyansa nauyin abin da suka aikata.

Shawarata ka zaɓi Story Mode da suka ƙara a 2018, an rage masu bin ka, kana samun sararin karanta takardu da kallon wuri, a nan ne na ji na fahimci labarin da kyau. Awa 7 zuwa 8 ya ishe ka gamawa, kuma in ka sauke shi ba ya neman intanet. Kar ka saya da cikakken kuɗi, Steam, shagon sayen gem na kwamfuta a intanet, na yawan karya farashinsa sosai lokacin rangwame. Don Allah kuma kar a kunna shi a falo gaban ƙanne ko a shagon gem da yara ke shiga, akwai tsiraici da fyaɗe da gawarwakin jarirai, har Ostireliya sai da ta fara hana shi kafin ta amince da shi na 'yan 18 zuwa sama.