Barbie Made to Move a zafin Garwa: sharhi ga masu ɗinki da ɗaukar hoto

Wanda zai sayi 'yar tsana don ya yi mata ɗinki ya ɗauke ta hoto, jiki yake saye, fuska da gashi daga baya ne. Da wannan ma'auni na auna Barbie samfurin Made to Move ta kamfanin Mattel, bayan aiki da ita a nan Garwa ta Kamaru cikin bazara da damina da hunturu. Jikin ya biya kuɗinsa. Gashin sai an sake yi masa aiki. Yawancin abin da ke lalata ta kuwa a nan gida yake, wato zafin garinmu da rinin tufafinmu.

Tsayinta kusan santimita 29 ne, kamar Barbie ta asali tun fitowarta ta farko a 1959, wato kashi ɗaya cikin shida na girman mutum. Abin da ya bambanta wannan samfurin shi ne gaɓoɓi 22 masu motsi: wuya, kafaɗu, damatsa, gwiwar hannu, wuyan hannu, ƙirji, ƙugu, cinyoyi, gwiwoyi da idon sawu. Gwiwar hannu da ta ƙafa ninki biyu suke yi, shi ya sa tana iya kai hannu ga kumatu ta yi tagumi, ta harɗe ƙafa a kan tabarma, ta durƙusa irin durƙuson gaida surukai, ko ta riƙe tulu a ka da hannu ɗaya. Barbie ta gama-gari mai gaɓoɓi biyar ba ta yin ko ɗaya daga cikin waɗannan, a hoto kullum a sandare take. Gaɓoɓin suna fitowa fili idan hannu ko ƙafa a buɗe suke, kuma masu tara 'yan tsana a Turai na yawan kukan haka. Mu nan bai dame mu ba, tunda zani da riga mai dogon hannu sun rufe komai.

Ba ta tsayuwa da kanta sai da dabara, domin tafin ƙafar ƙarami ne kuma idon sawun yana lanƙwashewa. Maganinsa waya mai kauri kamar milimita 2, tsawon santimita 20: a lanƙwasa kanta ta kama ƙugu, a soke gindin cikin yashi ko cikin katako da aka huda, zani ya ɓoye ta. Gaɓar da ta saki saboda yawan juyawa, a naɗa siririn zare sau uku ko huɗu a cikin tsagar, za ta sake kamawa. Kada a ɗiga gam mai kamawa nan take, gaɓar za ta daskare har abada.

Sabuwa a kwali ba kasafai ake ganinta a shagunan Garwa ko Marwa ba. Yawanci aike ake yi daga Duwala ko Yawunde, ko a sa 'yan kasuwa masu zuwa Yola da Kano su taho da ita. A tarin kayan wasan gwanjo ma ana dacewa. Ta gaske tana da sunan Mattel a ƙeya, ƙasan gashi, tare da shekara. Shekarar nan ta ƙirar fuskar ce, ba ta ranar da aka ƙera 'yar tsanar ba, don haka kada mai talla ya ce miki tsohuwa ce mai daraja saboda ya ga 1998 a ƙeyarta. Ta jabu ba ta da nauyi, ƙafafunta fanko ne suna lotsawa in an matsa, gashinta kuma a gefe kawai aka shuka shi, tsakiyar kai sanƙo.

Wajen ɗinki ne aikin yake, kuma komai a raba shi shida. Zanin mace yadi biyu, a jikinta ya zama kamar santimita 30 a tsawo, 19 a faɗi. Lafaya irin ta matan Kusiri da Njamena mai mita huɗu zuwa biyar ta koma santimita 70 zuwa 80, kuma sai da yadi marar kauri sosai, in ba haka ba naɗin ba zai kwanta ba. Kuskuren da kowa ke fara yi shi ne zanen atamfa. Fure mai faɗin santimita 18 ya yi daidai a jikin mutum, amma a jikin 'yar tsana daidai yake da fure mai fiye da mita guda, sai a ga riga duk launi ɗaya, ba a san me aka zana ba. A nemi ƙyallen da zanensa bai wuce santimita 2 ko 3 ba, ko a yanko daga bakin atamfar inda ake jera ƙananan zane. Atamfar CICAM, kamfanin saƙa na Kamaru, tana yin laushi bayan wanki kuma tana bin jiki. Shadda mai sitaci ba ta kwanciya, tsaye take yi kamar kwali, sai an wanke sitacin tas. Leshi mai manyan ramuka da duwatsu a bar wa mutane.

Awo da tef ba ya fita daidai a jiki ƙarami haka. A naɗe jikin da leda marar kauri, a bi ta da tef ɗin takarda, a zana layin wuya da hammata da ƙugu da fensir, a yanke a hankali, a shimfiɗa a kan takarda. An sami fatan ke nan, wato samfurin da za a bi a yanka ƙyalle. A ƙara milimita 4 na bakin ɗinki. A keke, a sa allura lamba 70 ko 60, a rage tsawon ɗinki zuwa milimita 1.5 ko 2, sannan a shimfiɗa siririyar takarda a ƙarƙashin ƙyallen, don haƙoran keke na haɗiye ƙaramin yanki tun daga farkon layi. In an gama a yage takardar. A ɗinka hannun riga tun rigar tana shimfiɗe, kafin a rufe gefe, domin in an rufe ba yatsan da zai shiga. A bar baya a buɗe har ƙasan ƙugu a sa ƙaramin maɓalli mai ƙamewa ko siririn Velcro. Yatsun 'yar tsanar na maƙalewa a hannun riga mai matsewa, sai a sa mata 'yar leda a hannu kafin a zura.

Sai rini, wanda shi ne babban abokin gaba. Kan Barbie roba ce mai laushi, kuma irin wannan roba shan launi take yi, ba a sama yake tsayawa ba. Baƙin hijabi da ba a wanke ba, in ya kwana biyu a kanta cikin zafin watan Afrilu, lokacin da Garwa ke haura digiri 40, zai bar shaida a goshi da kumatu da kunne. Ja da baƙi da shuɗin baba sun fi kowane ɓarna. Kowane ƙyalle a jiƙa shi a ruwan zafi da sabulu, a riƙa sauya ruwa har ya fito fari, ya bushe, sannan a goga shi da jiƙaƙƙen farin ƙyalle. In ya bar launi, ko dai a yi masa shafi da farin yadi ta ciki, ko a haƙura da shi. Ɗankwali da hijabi kuwa ko an wanke, a fara sa mata farar hula a ciki, kuma a cire da an gama hoto. Tabon da ya riga ya kama ba ya fita da sabulu. Masu sana'ar na shafa man ƙurajen fuska mai sinadarin benzoyil feroksayid kashi 10, su rufe da leda su ajiye a rana, su maimaita kwanaki. Yana aiki a farar fata. A baƙa ko wankan tarwaɗa yana iya kwashe launin fatar tare da tabon, ya bar fari-fari, don haka a fara gwadawa a ƙeya.

Da yawa suna sayen Made to Move ne don su ɗora mata kan wata da fuskarta ta fi burge su, musamman cikin jerin Fashionistas, wanda tun 2016 aka ƙara masa ƙirar jiki uku: mai ƙiba, doguwa da gajera. Sauyin yana yiwuwa, amma cikin wuya akwai maƙali mai ƙugiya, kuma fizga da ƙarfi na tsaga wuyan. A sa kan a leda, a tsoma a ruwan zafi minti biyu har robar ta yi laushi, a matse kan ta gefe da gefe, a riƙa murɗawa ana ja kaɗan-kaɗan. Launin fata kuma a gwada shi a hasken rana. Baƙaƙe biyu da suka yi kama a ƙarƙashin ƙwan lantarki, a waje sai a ga ɗaya ta fi ja. Wuyan riga mai tsawo ko murjani na rufe ƙaramin bambanci.

Gashin da take zuwa da shi na roba ne, ƙura na kama shi, kuma hunturu na sa shi ya tashi. A wanke da ruwan sabulun wanke-wanke, a shafa man laushin gashi, a taje da matajin ƙarfe daga ƙasa zuwa sama. Don ya miƙe, a tafasa ruwa a sauke ya huce minti ɗaya, a tsoma gashin daƙiƙa 10 zuwa 15, a taje, a tsoma a ruwan sanyi. Dutsen guga ko na'urar miƙar da gashi narkar da shi suke yi. Man kitso kuma kada ya kusance shi, ƙura kawai zai tara.

Kitso na kwance, irin shuku ko zane, ba ya kyau a kanta yadda ta zo, saboda an cika shukar gashin a goshi da tsaga, an bar tsakiya da tazara, sai fatar kai mai fenti ta bayyana. Mai son kitso na gaske sai ya sake shuka. A cire kan, a aske gashin, a kankare saura ta ramin wuya da hantsaki. A sami allurar hannu a yanke bakin kafarta a karkace ta zama baki biyu, a ɗaure ta a jikin fensir. A ɗauki gashin kanti sili 10 zuwa 15, a maƙala tsakiyarsu a bakin allurar, a tura cikin tsohon rami. A ƙara ramuka a layin da tsagar kitson za ta bi, amma da tazara, domin ramuka biyu da suka matsu suna haɗewa su yaga robar. Daga nan a zuba gam na yadi a cikin kan ya kwana. Aiki ne na haƙuri, kuma mai gaggawa ya fi masa ya yi ƙananan kalaba da zaren ulu ya soka kowace ɗaya a rami guda.

Fuska ban ba sabon shiga shawarar ya taɓa ta ba. In dole ne, asiton, ruwan goge jan farce, yana cire fentin fuska, amma ɗigo ɗaya a jiki yana cinye robar jikin mai tauri, don haka a raba kai da jiki tukun. Ana fesa ruwan kariya marar launi mai suna Mr. Super Clear a matsayin shimfiɗa, a waje, da takunkumi mai tace iska, sannan a yi zane da fensir mai kala na ruwa da garin allin zane, a sake fesawa. Cikin damina feshin na yin fari saboda laima, cikin hunturu ƙura na manne masa, don haka a kife kwali a kai ya bushe. Biro da alƙalamin maka da jan baki na mutane suna nutsewa cikin robar su bazu. Lalle a hannu ma da fentin akirilik da bakin tsinken sakace ake yinsa.

Hoto da waya ya wadatar. A sauke wayar daidai idon 'yar tsanar, ko da za a kwanta a ƙasa, domin hoto daga sama shi ke tona cewa abin wasa ne. A ja baya kamar rabin mita a zuƙo ninki biyu, in an matsa kusa kai yana kumbura. A yi da hantsi ko bayan la'asar, a inuwa, a jingina farar takarda a gefen da ya yi duhu. Hazon hunturu na ba da haske mai laushi da ba a samu a wani lokaci. Ga baƙar fata da farar riga, a danna fuskar a allon waya a ƙara haske kaɗan, in ba haka ba wayar rigar za ta bi, fuska ta ɓace. Kayan baya ma a raba su shida: saƙar tabarmar gaske ta yi girma, faifai mai ƙananan saƙa ya fi dacewa, murfin kwalba ya zama kwano, guntun fata daga wajen dukawan Marwa ya zama jaka ko buzu. Mai neman abin koyi ta duba shafin Hijarbie na Haneefah Adam 'yar Najeriya a Instagram, ta lura da yadda take zaɓen yadi marar nauyi don hijabi ya zubo. Mattel ma ta sanar da Barbie mai hijabi a 2017, mai kamannin 'yar wasan takobin Amurka Ibtihaj Muhammad.

Mai neman abin wasa ga yarinya ƙarama, wannan ba nata ba ce, wuyan hannu da idon sawu sirara ne, ta gama-gari ta fi jure wahala kuma ta fi araha. Ga tela mai son nuna sabon salo da ragowar ƙyalle kafin ta yanka atamfar mutane, ko mai ɗaukar hoto, guda ɗaya ta isa farawa.

Wajen ajiya, kada a bar ta a mota ko a ɗaki mai rufin kwano marar silin, kuma kada rana ta riƙa dukanta ta taga, launi na ƙoɗewa. A tuɓe mata kaya masu duhu, a cire robar ɗaure gashi domin zafi na narkar da ita ta manne a gashin, a naɗe ta a farin ƙyallen auduga, ba leda ba. Akwatin roba mai murfi ya fi kwali, saboda gara, kuma a ɗora shi a kan wani abu, kada ya taɓa ƙasa.