Aikin sa kai ko horon sanin makamar aiki? Amsa ga ƙanenmu ɗalibin gandun daji

Ƙanena, ka tambaye ni wanne za ka zaɓa a hutunka, dashen itatuwa na sa kai ko horon sanin makamar aiki. To, tunda hutun guda ɗaya ne kuma ba dama ka raba ƙafa, ka ajiye maganar zuwa dashen itatuwa na sa kai, ka karɓi horon sanin makamar aikin nan, ko da abin da za su riƙa ba ka bai wuce kuɗin mota ba. Sharaɗina ɗaya ne: ka tabbata daji za su shiga da kai, ba kujera za su ba ka a ofis kana jeran fayil ba.

Duka biyun na yi su ina ɗalibi, kuma har gobe abin da nake ci da shi daga horon ya fito. An haɗa ni da tawagar masu ƙidayar itatuwa, shugabanmu wani dattijon malamin daji ne mara yawan magana. Ranar farko bai ba ni na'ura ko ɗaya ba. Sanda ya yanko, ya auna ta daidai mita 1.3, ya miƙo mini ya ce duk bishiyar da zan auna kaurinta, in jingina sandar a jikinta, inda ta tsaya nan tef ɗin awo zai zagaya. Idan a kan gangare bishiyar take, ta sama zan tsaya. Idan ta rabu biyu ƙasa da tsayin sandar, bishiya biyu zan rubuta. Idan gindinta mai fukafukai ne, sai in hau sama da inda fukafukan suka ƙare. A aji an koya mana wannan a layi biyu, mun haddace mun ci jarrabawa, amma sai da na tsaya gaban wata karkatacciyar bishiya mai ƙulli daidai wurin awo na gane ban san komai ba.

Wata rana ya ga tef ɗin wani abokin aikinmu ya ɗan saki a bayan bishiya. Bai yi faɗa ba. Zama ya yi a kan kututture ya ce mu lissafa: bishiya mai kaurin santimita 30, idan sakaci ya sa aka rubuta 33, kuskuren awo kashi 10 cikin 100 ne, amma girman filin da gindin ya ci, wanda za a fitar daga wannan lamba, zai haura da kashi 21, domin kaurin ana ninka shi ne da kansa. Filin gwajin da muke ciki mita 20 ne a mita 50, wato kashi ɗaya bisa goma na hekta, saboda haka duk abin da muka rubuta sai an ninka shi goma kafin ya zama na hekta guda, daga nan a shimfiɗa shi a kan dajin gaba ɗaya. Da wannan lissafin ake yanke yawan katakon da za a bari a sare, da yawan iskar kabon da za a ce dajin ya riƙe. Allah ya saka wa bawan Allahn nan da alheri, tun daga ranar ban sake sakin tef ba.

Kada ka ɗauka ƙaramin aiki ne. Alƙaluman da kuke kwafa a gabatarwar aikin bincike, irin na Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, da ta ce a 2020 dazuzzuka sun rufe hekta biliyan 4.06, kusan kashi 31 cikin 100 na doron ƙasa, tushensu rahoton ƙasashe ne, su kuma ƙasashen daga hoton tauraron ɗan'adam da irin wannan awon na ƙasa suke harhaɗo nasu. Kai, ko kafin a kira wuri daji a ma'aunin FAO sai ya haura rabin hekta, itatuwansa su iya wuce mita 5, inuwarsu ta rufe sama da kashi 10 cikin 100 na filin. Wani ne zai je ya auna. A tsibirin Barro Colorado na ƙasar Panama akwai fili mai hekta 50 da tun farkon shekarun 1980 ake bin duk wata bishiya da kaurinta ya kai santimita ɗaya, an maƙala mata lamba, ana komawa a sake auna ta duk shekara biyar. Masu wannan haƙurin ake nema a fagen, kuma horo ne ke nuna wa mai ɗaukar aiki cewa kana cikinsu.

Ban da awo, a can na koyi zana filayenmu a taswira da manhajar QGIS, da cike bayanai a waya ta manhajar KoboToolbox maimakon takardar da ruwan sama zai jiƙa. Na zauna a gefe ina saurare ana tattaunawa da mutanen da ke kewaye da dajin a kan itacen girki da kiwo, na ga yadda tsarin da aka rubuta a ofis yake narkewa idan ba a yi shawara da su ba. Wannan ɓangaren ma ya fi awon wuya. Da na tashi tafiya, dattijon ya rubuta mini takardar shaida, ya jero abin da hannuna ya iya ɗaya bayan ɗaya. Ita aka fara tambayata a kai a ganawar neman aikina ta farko.

Aikin sa kai kuwa, to, ba laifi. Mun haƙa rami, mun sa dashe, an yi hoto, an raba riguna. Ban ƙara jin labarin itatuwan ba.

Ba raina dashe nake yi ba, amma dasawa ita ce mafi sauƙi a cikin aikin. Wahalar tana wurin zaɓen irin da ya dace da ƙasar, da dacewa da lokacin ruwa, da ban ruwa, da tsare tsiron daga dabba da gobara har ya kama ƙasa. A Turkiyya, ranar 11 ga Nuwamba 2019, an yi gangamin dasa itatuwa miliyan 11 a yini guda. Bayan 'yan watanni ƙungiyar ma'aikatan noma da gandun daji ta ce kusan kashi 90 cikin 100 na waɗanda ta duba sun bushe saboda an dasa su ba a lokacinsu ba, ma'aikatar noma da gandun daji ta ƙasar kuma ta musanta. Ko wane ne mai gaskiya, gardamar ba a kan yawan masu sa kai take ba, a kan wanda ya koma ya ƙirga take. Idan ka ga dole sai ka yi sa kai, ko horon ya suɓuce maka, nemi inda ake rainon dashe tun daga iri, ko masu share hanyar tare gobara, ko masu komawa ƙirga abin da ya rayu. A ƙarshen mako ma za ka iya, ba sai ka ba da hutunka kacokan ba. Ka kuma duba ko makarantarku tana da reshen IFSA, ƙungiyar ɗaliban gandun daji ta duniya, domin ta irin wannan hanyar ake fara jin labarin guraben horo.

Sai abin da ba ka tambaya ba. Harkar nan ta cika da 'yan damfara, kuma ɗalibai su ne abincinsu. Za ka ga talla mai kyau, an liƙa tambarin ƙungiyar kare muhalli ta WWF ko na FAO a kusurwa, an ce ka biya kuɗin rajista a ajiye maka gurbi. Majalisar Ɗinkin Duniya da hukumominta ba sa karɓar ko sisi a kowane mataki na ɗaukar aiki ko horo, duk wanda ya nemi kuɗi da sunansu ɓarawo ne. Je ka shafin hukumar da kanka, kada ka bi mahaɗin da aka turo maka a WhatsApp. Akwai kuma waɗanda ba za a kira su ɓarayi kai tsaye ba: yawon buɗe ido suke sayarwa da sunan kare muhalli, ka biya, a zagaya da kai, a ba ka takarda mai hatimi wadda babu mai ɗaukar aikin da zai kalle ta sau biyu. Wasu kuma horon suke fakewa da shi su samu lebura kyauta.

Saboda haka kafin ka ce ka amince, ka nemi su faɗa maka sunan wanda zai kula da kai da matsayinsa, su rubuta maka ayyukan da za ka yi, da yadda za a raba kwanakinka tsakanin daji da ofis. Tambaye su wa ke ɗaukar nauyi idan maciji ya sare ka ko reshe ya faɗo maka, kuma ko za ka iya amfani da bayanan da kuka tattara a aikin bincikenka na ƙarshe. Roƙi su haɗa ka da ɗalibin da ya yi horo a wurinsu bara. Mai gaskiya ba ya jin nauyin waɗannan tambayoyin, wanda ya fara kame-kame kuwa ka ja jikinka.

Idan sun turo maka takardar tayin, sako mini ita ta akwatin saƙo in duba maka kafin ka sa hannu. Ka kuma fara neman takalmi mai rufe idon sawu tun yanzu, ka riƙa sa shi ya saba da ƙafarka kafin ranar shiga daji.