Kwandon kayan lambu a Farin Gada

Akwai wata Hajiya a kasuwar Farin Gada, nan Jos, da ke haɗa wa iyaye kwandon mako: karas, kabeji, kokwamba, koren wake da mudun acca. Na fara zuwa wurinta ne da aka auna ɗana mai shekara 4 a asibiti, aka ce ƙibarsa ta yi yawa, a rage masa lemon kwalba da biskit.

Ba ciniki kawai take yi ba. Ita ta koya min gwaten acca da alayyafo da yakuwa kaɗan, ga shi yaron har ƙari yake nema, abin mamaki. Kayanta sababbi ne, farashin da sauƙi. Tumatir dai ku zaɓa da kanku, yana saurin ruɓewa. In damina ce, wurin caɓi ne sosai.