Landan zuwa Paris ta jirgin sama: duba filin jirgin kafin farashi

Tsakanin filin jirgin Heathrow na Landan da na Charles de Gaulle na Paris kimanin kilomita 350 ne kawai. A tikiti za ka ga kusan sa'a ɗaya da minti 20, amma abin da ake yi a sama bai cika kai sa'a guda ba. Sauran a kan titin jirgi yake tafiya. Agogon Paris yana gaba da na Landan da sa'a ɗaya, don haka idan ka ga tashi ƙarfe 9, sauka 11 da minti 20, ba a ƙara maka tafiya ba.

Ni dai Heathrow nake ba kowa shawara, ba na ɓoyewa. British Airways da Air France suna tashi daga can sau da yawa a rana, in jirgi ɗaya ya kuɓuce maka akwai na bayansa. Layin jirgin ƙasa na Elizabeth, wanda aka buɗe a 2022, yana kai ka filin daga tsakiyar gari ba tare da jan akwati daga wannan tasha zuwa waccan ba. Wanda kuma ya taso daga Abuja ya sauka a Heathrow, ba sai ya ratsa Landan da kaya niƙi-niƙi yana neman wani filin ba. Idan ka sauka a Charles de Gaulle, jirgin ƙasa na RER B zai kai ka tashar Gare du Nord da ke cikin Paris a kusan rabin sa'a.

Filayen jirgin Gatwick da Luton sun fi arha, amma sun yi nisa, kuɗin hanya da na akwati sukan cinye rarar. Eurostar, jirgin ƙasan da ke zuwa Paris daga Landan cikin kimanin sa'a 2 da minti 20, na wanda yake zaune a cikin gari ne.

Inda ake cutar mutane shi ne sunan fili. Duk tikitin da aka rubuta Beauvais a kai, ka sani filin yana da nisan kusan kilomita 85 daga Paris, sai ka yi fiye da sa'a guda a bas. Wani shafin dillalai ya taɓa sayar min da tikiti mai arha, sai a wurin awon kaya na tarar babu kuɗin akwati a cikinsa, na biya kusan kuɗin tikitin a karo na biyu. Saya daga shafin kamfanin jirgin kansa, sannan ka shigar da lambar tikitinka a can ka tabbatar da sunanka ya fito daidai da na fasfo. Masu shafukan bogi suna kwaikwayon tambarin kamfani har da launinsa, kuma da zarar an ce ka tura kuɗi asusun wani mutum, ka ja da baya. A Paris, duk wanda ya tare ka a zauren fita yana cewa tasi, kada ka bi shi. Tasin gaskiya suna layi a waje, kuɗinsu zuwa cikin gari ƙayyadadde ne. Mai fasfon Najeriya ko na Nijar kuma ya tuna bizar Ingila ba ta shigar da shi Faransa, sai ya nemi ta Schengen, wato bizar shiga Faransa da wasu ƙasashen Turai, tun kafin ya sayi tikiti.