Bindiga a Dungeons & Dragons da GURPS: wanne ya fi kusa da gaskiya?

Malam, ka ce kana jagorantar wasan labari na kan tebur a nan Jos duk yammacin Asabar, kana son shigar da bindigar toka cikin labarin maharba da kake shiryawa, kuma ka tambayi tsarin da ya fi kamanta gaskiya tsakanin Dungeons & Dragons da GURPS. GURPS ne ya fi kusa, kuma da nisa, amma ya kamata ka ga inda tazarar take kafin ka sauya littafi.

Mu fara da lokaci. A bugu na biyar na Dungeons & Dragons, wanda ya fito a 2014, zagaye ɗaya na faɗa sakan shida ne, kuma mai riƙe da bindiga mai ɗuri ta baki yana iya harbi sau ɗaya a kowane zagaye, wato sau goma a minti guda. Sojan Turai na ƙarni na 18 da ya sha horo harbi uku yake samu a minti, domin dole ya zuba albarushi, ya tura harsashi da sanda, ya gyara ƙanƙarar, sannan ya ɗaga. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da 'yan bindiga a hawan sallah ya ga yadda ɗuri ke cin lokaci, da yadda hayaƙi ke turnuƙe wurin bayan harbi. GURPS, na kamfanin Steve Jackson Games tun 1986, ya mai da zagayensa sakan ɗaya, saboda haka ɗurin irin wannan bindiga yakan cinye zagaye sama da goma, abokan gaba kuwa ba za su tsaya jira ba.

Bambancin ya fi fitowa a batun rauni. Littafin Dungeons & Dragons ya ba wannan bindiga dayis ɗaya (ƙwayar da ake jefawa kamar a ludo) mai fuska 12, wanda a tsaka-tsaki maki shida ko bakwai yake cirewa, alhali mayaƙin da ya kai mataki na biyar yakan riƙe makin rai sama da 40. Ke nan za a iya harbinsa sau uku ya ci gaba da sara da takobi kamar ba a yi ba. Masu littafin ba su ɓoye dalili ba, sun bayyana cewa makin ya ƙunshi juriya da ƙarfin zuciya da sa'a, ba lafiyar jiki kaɗai ba. A GURPS mutum na gama-gari maki 10 yake da shi, ƙaramar bindiga mai milimita tara tana cire tara a tsaka-tsaki, kuma raunin da ya wuce rabin makin mutum yana iya kayar da shi nan take. Idan aka samu ƙoƙon kai, ana ninka ɓarnar sau huɗu.

Abin da ya fi burge ni a GURPS shi ne yadda harbi ke kuskurewa. Wanda gwanintarsa take 12, idan ya yi harbi a gaggauce kan wanda ke nisan yadi 20, ana rage masa maki shida, sai ya buƙaci shida ko ƙasa da haka daga jimillar dayis uku masu fuska shida, damar da ba ta kai ɗaya cikin goma ba. Tilas ya tsaya ya saita, ko ya matsa kusa. Wannan ne yake sa 'yan wasa su fara neman bayan dutse ko gindin bishiya da kansu, ba tare da ka ce musu komai ba.

Sai dai dukansu biyu ba su ba tsoron harsashi babban matsayi a ainihin dokokinsu ba. Wani wasan mai suna Twilight: 2000, tun bugunsa na 1984, ya ware ma'auni na musamman kan natsuwar mutum yayin da ake yi masa ruwan wuta, kuma a ganina wannan ya fi lissafin nauyin harsashi muhimmanci. Yawan lissafi ma yana da tasa illar: wasan Phoenix Command na 1986 ya shahara da jadawalai masu tarin yawa, har musayar wuta ta 'yan sakanni kan iya cinye zaman yamma guda.

Idan mutanenka sun riga sun saba da Dungeons & Dragons, ban ga dalilin ɗora musu sabon littafi saboda makami ɗaya ba. Ka sanya dokar gida cewa ɗuri yana cin zagaye uku, cewa idan dayis mai fuska 20 ya faɗi a ɗaya ko biyu bindigar ta ƙi tashi, kuma ka ɗaga adadin zuwa biyar a ranar ruwan sama, tunda kowa ya san damunar Jos da jiƙa albarushi. A madadin wannan wahala sai ka ninka ɓarnar harsashin. Idan kuwa labarin gaba ɗaya a kan harbi ya ginu, ka ɗauki GURPS, ka kuma gargaɗe su tun zaman farko cewa kowa ya tanadi jarumi na biyu a rubuce, ko da za a kashe na farkon.