Yakuwa ko kariya: wacce za a shuka a tsakar gida?

Da zarar damina ta ja baya, tambayar da ake yawan yi mini ita ce wace shuka za ta ci gaba da fure bayan sauran sun bushe. Biyu nake kawowa: yakuwa da kariya.

Ta fuskar kuɗi, yakuwa kusan kyauta ce. Iri cikin tafin hannu ya ishe ka, ka shuka a watan Yuni ko Yuli. Ba ta fure sai rana ta fara gajarta, wajen Satumba zuwa Oktoba. Furen ruwan ɗorawa ne mai jan ciki, da safe ya buɗe, kafin yamma ya yi yaushi. Abin da ya bari shi ne zoɓo, ga ganye na miya, ga 'ya'ya na daddawar batso. Sai dai shekara guda take yi, baɗi sai ka sake shukawa.

Kariya kuwa sai ka sayi dashe ko ka roƙi reshe wurin maƙwabci, kuma ba ta saurin girma. Amma tana shekaru. Ruwa take ajiyewa a kaurin gindinta, shi ya sa cikin hunturu, ganye duk ya zube, za ka gan ta da fure ruwan hoda. Yawan ban ruwa ne ke ruɓar da ita.

Inda nake jan kunne: ruwan jikin kariya guba ne, har masunta na kashe kifi da shi.

Gidan da ke da ƙananan yara ko awaki, yakuwa ta fi dacewa, a dai killace ta. Mai ƙarancin ruwa, ko mai yawan tafiya, ya nemi kariya.